Kifin da Aka Saki: 'Yan Fatsa da Lissafin Bas Mai Ratsi a Amurka

A shekarar 2017, masu jefa fatsa don nishaɗi a gaɓar gabashin Amurka sun kama wani kifi da ake kira bas mai ratsi har kusan miliyan 38, suka cire masa ƙugiya, suka mayar da shi ruwa da ransa. Kowannensu ya koma gida yana ganin bai yi wa teku ɓarna ba. Da hukuma ta zauna lissafi, sai ta ce a cikin waɗannan da aka saki, kimanin miliyan 3.4 sun mutu daga baya. Waɗanda 'yan fatsar suka ɗauka suka kai gida don ci, miliyan 2.9 ne. Wato kifin da ya mutu bayan an yi masa afuwa ya fi wanda ya shiga tukunya yawa. Idan aka tara duk bas ɗin da ɗan'adam ya kashe a wannan shekara, kashi 48 cikin ɗari na saki ne, kashi 42 na kai gida, masuntan sana'a kuwa, waɗanda aka saba ɗora wa laifi, kashi 10 kacal suka ɗauka.

Abin tambaya shi ne, wa ya nutsa ƙarƙashin teku ya ƙirga gawarwakin nan miliyan 3.4? Babu kowa. An ɗauki adadin kifin da mutane suka ce sun saki, aka ninka shi da wani alƙalami guda, tara cikin ɗari. Adadin farko daga bakin 'yan fatsa ya fito. Na biyun kuma daga wani gwaji da aka yi shekaru da dama da suka wuce a cikin wani tafki. A kan waɗannan ƙafafu biyu dokar kamun kifi ta jihohi da dama take tsaye, kuma shi ya sa hukumomi suka koma neman taimakon mutanen da suke kafa wa doka.

Kifin da ruwansa

Bas mai ratsi kifi ne fari mai sheƙi, da layuka baƙaƙe bakwai ko takwas da suka taso daga bayan kai zuwa wutsiya. Wanda ya san giwan ruwa zai iya kwatanta ƙirarsa da girmansa. Yana iya rayuwa shekara talatin. Mafi girma da aka taɓa kamawa da fatsa aka tabbatar, wani mai suna Greg Myerson ne ya kama shi a watan Agustan 2011 a ruwan jihar Connecticut, nauyinsa ya ɗan haura kilo 37. Mutanen Maryland suna ce masa rockfish, sauran 'yan gaɓa kuma striper.

A teku yake girma, amma a kogi yake haihuwa. Da bazarar can, wajen Afrilu da Mayu, manya sukan hau koguna zuwa inda ruwa ba shi da gishiri su zuba ƙwai. Mafi yawansu daga kogunan da ke kwarara cikin mashigin tekun Chesapeake suke fitowa, tsakanin Maryland da Virginia, sai kogin Hudson a New York da kogin Delaware. Bayan haihuwa manyan sukan nufi arewa, har Massachusetts da Maine, su yi rani a can, in sanyi ya kawo jiki su juyo kudu. Kusan duk waɗanda suka yi girma na gaske mata ne, kuma babbar mace tana zuba ƙwai ninkin-ba-ninkin na ƙarama.

Wannan yawo shi ne tushen rikicin. Kifin da aka haifa a Maryland, ɗan Massachusetts ne zai kama shi, ko ɗan New Jersey ya tare shi a hanya. Ba jihar da za ta ce nata ne. Don haka al'amarinsa yana hannun wata hukumar haɗin gwiwa ta jihohi 15 na gaɓar Atilantika, wadda ake kira ASMFC, da aka kafa a 1942.

An taɓa faɗuwa

Wannan ba shi ne karo na farko da kifin ya shiga halin ni-'yasu ba. A 1973 masuntan sana'a sun sauke kusan kilo miliyan 6.7 a gaɓa. Zuwa 1983 abin bai kai kilo miliyan ɗaya ba. Cikin waɗanda suka fara kururuwa akwai wani maƙerin koton bogi daga Massachusetts, Bob Pond, wanda ya kafa ƙungiyar Stripers Unlimited a 1965. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: mutumin da ke bakin ruwa kullum ya lura ƙananan kifi sun daina zuwa tun kafin takardun ofis su nuna. A 1979 Sanata John Chafee na Rhode Island ya sa majalisa ta ware kuɗin binciken gaggawa, kuma binciken ya nuna cewa yawan kamu ne babban dalili, gurɓacewar ruwan koguna tana ƙara wa abin muni. A 1984 aka yi dokar tarayya mai haƙora: jihar da ta ƙi bin tsarin ASMFC, gwamnatin tarayya tana iya rufe mata kamun kifin gaba ɗaya. Maryland ta haramta kama shi daga 1 ga Janairun 1985, a zamanin Gwamna Harry Hughes, Virginia ta bi sahu a 1989.

Dabarar da aka bi mai sauƙin faɗa ce. Ƙyanƙyasar 1982 ta ɗan yi auki, sai aka ce a kare matan wannan tsara har su haihu ko da sau ɗaya ne. Yayin da suke girma, ana ta ɗaga iyakar tsawon kifin da ya halatta a ɗauka, don kada ƙugiya ta cim musu. An sake buɗe kamu a 1990, a 1995 kuma aka sanar cewa kifin ya farfaɗo.

Akwai wani abu a labarin buɗewar nan da ya kamata a riƙe. Tun 1954 ma'aikatan Maryland ke ƙirga 'ya'yan bas, yanzu suna zagaya wurare 22 a kogunan Choptank, Nanticoke, Potomac da kan mashigin Chesapeake, sau uku a shekara, a Yuli, Agusta da Satumba. A kowane wuri mutum biyu za su ja taru mai tsawon kusan mita 30 a ruwa mara zurfi, su jawo shi gaɓa, su durƙusa su ƙirga 'ya'yan bas masu tsawon ɗan yatsa. Matsakaicin abin da taru guda ya kamo shi ne makin shekarar. An tsara cewa in matsakaicin shekara uku ya haura 8, za a buɗe kamu. A 1989 maki ya tashi 25.2, ya ja matsakaicin ya tsallake. Sai dai kaso mai tsoka na 'ya'yan kifin da suka ba da wannan maki daga wuri guda aka samo su, Hambrooks Bar a kogin Choptank, kuma an yi ta cacar baki a kan haka. Daga baya ta tabbata ƙyanƙyasar ta yi kyau, amma an ga yadda alƙalami ɗaya kan buɗe ko rufe sana'ar dubban mutane.

Bayan farfaɗowar, yanayin kamun ya sauya. Masuntan sana'a an ɗaure su da kaso: kowane kifi da za su sayar sai an maƙala masa lamba, dillali ya rubuta, hukuma ta gani. Masu nishaɗi kuwa miliyoyi ne, wasu a kwale-kwale, wasu a kan duwatsun gaɓa da tsakar dare, ba mai auna musu komai. Su ne suka zama masu kashe kusan kashi tara cikin goma. Da aka kammala babbar ƙididdiga ta 2018, aka tarar nauyin matan da suka isa haihuwa ya sauko ƙasa da layin haɗari. An ba da wa'adin 2029 a dawo da su.

Daga ina tara ta fito

A 1996 wasu masu bincike biyu na Massachusetts, Paul Diodati da Anne Richards, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Sun zuba bas a cikin wani tafkin ruwan gishiri da aka killace, aka kama wasu da fatsa aka saki, aka jira kusan wata biyu, sannan aka duba waɗanda suka rayu. Matsakaicin mutuwa ya tashi tara cikin ɗari. In yanayi ya yi kyau, uku ne. In ya yi muni, har 26. Abin da ya fi kashewa shi ne ƙugiya ta wuce baki ta shiga maƙogwaro ko ciki.

Gwajin ba shi da laifi. Matsalar ita ce nauyin da aka ɗora masa. Kifayen tafkin ƙanana ne, ba su kai santimita 60 ba, ruwan na arewa ne mai sanyi da gishiri. Amma ita wannan tara ɗin ake amfani da ita ga babbar mace mai kilo 20 da aka yi minti goma ana kokawa da ita, ga ƙaramin kifi a ruwan ɗumi na Chesapeake a watan Yuli, ga wanda aka kama da ɗanyen koto, ga wanda aka kama da gashin tsuntsu da aka ɗaure wa ƙugiya. A yi lissafin da hannu a gani: tara cikin ɗari na miliyan 38, miliyan 3.4 ne. Da a ce gaskiyar biyar ce, da miliyan 1.9 ne. Da goma sha biyu ce, da ya haura miliyan 4.5. Tsakanin waɗannan akwai bambancin rufe kamu na makonni ko barin sa a buɗe.

Binciken Maryland ya riga ya nuna cewa zafi yana ƙara mutuwar, musamman in zafin iska ya kai digiri 35. Shi ya sa jihar ta fito da hasashen launuka, kore, rawaya da ja, don gaya wa mutane ranar da ya kamata su ƙyale kifin, ta kuma rufe kamunsa na wasu makonni a tsakiyar zafi. A 2021 ASMFC ta wajabta wa duk mai amfani da ɗanyen koto ya sa ƙugiya mai da'ira, wadda bakinta ya lanƙwaso ciki, don ta zame daga maƙogwaro ta kama gefen baki.

Abin da Massachusetts ta yi

Sashen kula da kifin teku na Massachusetts ya raba aikin gida biyu, kuma a ganina nan ne hikimar take.

Kashi na farko nasu ne na ƙwararru. A 2020 da 2021, a ruwan Salem, ma'aikata suka kama bas da koto, da ƙugiya mai da'ira da kuma ta gargajiya, suka duba halin kowane kifi, suka ba shi maki gwargwadon rauninsa, suka maƙala masa 'yar na'ura mai fitar da sauti, suka sake shi. A ƙarƙashin ruwa akwai na'urorin sauraro a jere. Kifin da ya rayu za a ci gaba da jin motsinsa, wanda ya mutu kuwa sautinsa zai tsaya wuri guda. Da haka suka san cewa kifi mai maki kaza, ga yiwuwar rayuwarsa. Wani abin da ya ba mutane mamaki: a gwajin nasu ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin ƙugiyoyin biyu ba, ga shi kuwa an riga an mayar da mai da'irar doka.

Na'urorin suna da tsada, kuma ma'aikata kaɗan ba za su iya kwaikwayon duk hanyoyin da jama'a ke kama kifi ba. Sai kashi na biyu, a 2023 da 2024: aka yi kira ga 'yan fatsa su rubuta abin da ke faruwa a hannunsu.

A ɗauka mutum yana kwale-kwalensa da asuba. Sandar ta lanƙwashe, sai ya danna agogon auna lokaci kafin ya fara jawowa. Kifi ya iso gefen jirgi, ya duba: daƙiƙa nawa aka yi ana ja-in-ja? Ya ɗago shi, lokaci na biyu ya fara tafiya, wato tsawon zamansa a waje da ruwa. Ya shimfiɗa shi a kan tef ya karanta tsawo. Ina ƙugiya ta kama, leɓe ne, cikin baki ne, maƙogwaro ne, ko ta soki jiki daga waje? Jini yana fita, kaɗan ko da yawa? Ya cire ƙugiya, ya mayar da kifin ruwa, ya lura: ya buga wutsiya ya nutse da ƙarfi, ko ya yi lamo yana juyawa ciki sama? Sannan ya rubuta irin koto, yawan ƙugiyoyi, zafin ruwa da na iska. Hannu jiƙe, jirgi na tangaɗi, ga sauran kifi suna ta fantsama a gefe, abokan tafiya suna jefawa suna kamawa. Wanda ya san zaƙin wannan lokaci ya san ba ƙaramar sadaukarwa ba ce a ajiye sanda a ɗauki fensir.

Ba a tambaye shi ko kifin ya mutu ba, domin bai sani ba, kuma in an tambaye shi zai ce ya rayu. An tambaye shi abin da idonsa ya gani da abin da agogo ya nuna. Ma'aikata ne suka haɗa bayanansa da sakamakon na'urorin sauti. Kowa ya yi abin da ya iya. Da aka tara bayanan dubban kifaye, abin da ya fito ya dace da hankali, sai dai yanzu da hujja: ɗanyen koto da koton bogi mai ƙugiyoyi masu baki uku sun fi raunata kifi, ƙugiya guda ta fi sauƙi, daɗewa a waje da ruwa yana kashewa, ruwan ɗumi yana ƙara tsananta komai. Kifin da aka riƙe ana ta jujjuya shi don hoto, a ba wannan ya ɗauka a ba wancan, shi ne ke biyan kuɗin hoton.

Lamba da ɓawo

Taimakon 'yan fatsa bai fara da wannan ba. Tun 1965 ƙungiyar American Littoral Society da ke Sandy Hook a New Jersey take sayar wa membobinta 'yan igiyoyin roba rawaya masu lamba. Mutum ya kama kifi, ya soka masa igiyar, ya cika kati da rana, wuri da tsawo, ya aika. Wata rana wani zai kama kifin a wata jiha ya ba da rahoto, a rubuto wa su biyun labarin tafiyarsa. Hukumar kifi da namun daji ta tarayya ma tana da nata tsarin tun tsakiyar shekarun 1980, tare da jihohi: lamba ce ruwan hoda da ake sa wa a gefen ciki, kuma wanda ya kira ya ba da rahoto yakan samu hula da takardar tarihin kifin.

Mutane suna ɗauka amfanin lamba shi ne sanin inda kifi ya je. Wannan gaskiya ne, kuma da ita aka zana taswirar yawonsa. Amma babban amfaninta a wajen masu lissafi shi ne auna mutuwa. In aka sa wa kifi dubu lamba a bana, yadda rahotanni ke raguwa shekara bayan shekara yana nuna saurin da tsarar ke ƙarewa, kuma adadin da masunta suka dawo da shi yana nuna kason da ƙugiya da taru suka ci. Ta wannan hanya aka ga alamar cewa mutuwar da ba ta kamu ba ta ƙaru a Chesapeake daga ƙarshen shekarun 1990, daidai lokacin da aka gano wata cutar ƙwayoyin bakteriya da ke sa wa kifin gyambo.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ba kowa ke ba da rahoto ba. Wani bai ga lambar ba saboda gansakuka ta rufe ta, wani ya gani ya yi ƙyuya, wani kuma yana ganin duk abin da ya gaya wa hukuma da shi za a yanke masa kaso. Duk lambar da ba a kai rahotonta ba, lissafi zai ɗauka kifin ya mutu da kansa ko yana nan yana yawo. Don gano yawan masu yin shiru, masu bincike kan saki wasu lambobi masu tukuicin kuɗi mai tsoka, waɗanda ba wanda zai yar, su kwatanta dawowarsu da ta masu hula. Bambancin shi ne ma'aunin ƙyuyar jama'a.

Sai ɓawo. A New York akwai shirin 'yan fatsa masu haɗa kai da hukuma, a Massachusetts ma akwai irinsa tun 2002: mutum ya ɓamɓaro ɓawon kifi 'yan ƙwarori daga gefen jiki, ya sa a ƙaramin ambulan, ya rubuta tsawo, rana da wuri. A ɗakin bincike ana duba zoben da ke jikin ɓawon kamar yadda ake ƙirga shekarun itace. Da haka ake sanin wace tsara ce ke cika ƙugiya a bana. Ɓawo yana rage wa tsohon kifi shekaru, don zoben kan cushe a gefe. Ɗan ƙashin da ke cikin kunne ya fi faɗin gaskiya, amma sai an kashe kifi ake samunsa, shi ya sa wasu jihohi ke roƙon a ba su kai da ƙashin bayan an yanke tsoka. Connecticut kuwa tun 1979 take karɓar littafin tafiye-tafiyen masu sa kai. Darajar irin wannan littafi ita ce tsawon kifin da aka saki, abin da ma'aikacin da ke jira a gaɓa ba zai taɓa gani ba.

Tambaya a bakin ruwa

Miliyan 38 ɗin nan fa? Hukumar tarayya mai kula da teku da yanayi, NOAA, ce ke fitar da ita ta wani shiri da ake kira MRIP, kuma hanya biyu ake haɗawa. Ma'aikata sukan tsaya a matsayar jirage da bakin gaɓa, a ranaku da wuraren da aka zaɓa ta hanyar ƙuri'a, su tare mai dawowa: awa nawa ka yi, me ka kama, nawa ka saki? Wanda ya kawo za a auna, wanda ya saki kuwa sai abin da ya tuna. Hanya ta biyu takarda ce da ake aika wa gidaje ta gidan waya, a tambayi sau nawa aka je kamun kifi. A ninka matsakaicin kamu da yawan tafiye-tafiye.

Da can ta wayar gida ake tambayar. Da mutane suka koma wayar hannu suka daina ɗaga ta gida, aka sauya zuwa takarda, a 2018 kuma aka sake lissafin shekarun baya gaba ɗaya, alƙaluma suka tashi sosai. Sannan a Agustan 2023 NOAA ta fito ta ce wani gwaji ya nuna mai yiwuwa takardar tana ƙara yawan tafiye-tafiye da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Dalilin kamar wasa: jerin tambayoyi. In an fara tambayar mutum sau nawa ya je cikin wata biyu da suka wuce, yakan jawo tafiyar wata huɗu baya ya cusa, don ba ya son rubuta sifili. In an fara da ta shekara guda, ya samu inda zai zuba su, sai ya faɗi gaskiyar wata biyun.

Wannan sanarwa ta ba masu ƙin hukuma makami, kuma ba za a ce ba su da hujjar ƙorafi ba. Amma duk wanda ya duba da kyau zai ga kuskuren daga ƙwaƙwalwar masu amsawa ya taso. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A nan ƙimar ido ce ta kasa. Mutumin da ya saki kifi takwas ya ce "kamar goma sha biyar", da wanda ya wuce ma'aikaci don yau bai kama komai ba yana jin kunya, duk sun karkatar da ma'auni gefe guda. Ranar da aka dawo hannu rabbana tana da nauyi a lissafi daidai da ranar da aka cika jirgi.

Nan ne kuma iyakar aikin sa kai take. Masu rubuta littafi da masu cika manhajar waya galibi ƙwararru ne, masu zuwa ruwa sau da yawa, masu kula da kifi. Ba su ne hoton ɗan yawon buɗe ido da ya zo sau ɗaya a shekara ya jawo kifi kan yashi ya taka shi da ƙafa yana neman filaya ba. In aka ɗauki halin na farko aka shafa wa kowa, za a samu lissafi mai daɗin ji wanda ba gaskiya ba. Don haka bayanan masu sa kai sun fi amfani wajen amsa yaya da me ya sa, tsawo, shekaru, rauni, hanya, amma amsar nawa tana bukatar zaɓen ƙuri'a. Wani abin kuma, yawan kamu ba ya nufin yawan kifi. Bas na tafiya ne garke-garke yana bin ƙananan kifi, ga na'urar hango kifi a jirage, ga labari na yawo a Facebook cikin awa guda. Mutum na iya kama ashirin a safiya ɗaya ya rantse teku cike take, alhali ragowar ce ta taru a ƙofarsa.

Abin da ya biyo baya

A 2022 aka ga aikin waɗannan alƙaluma a fili. Ƙyanƙyasar 2015, wadda ta samu maki 24.2 a tarun Maryland, ta kai shekara bakwai, ta shiga tazarar tsawon da doka ta yarda a ɗauka a teku, inci 28 zuwa 35. Abin da masu nishaɗi suka kai gida ya ƙaru da kashi 88 cikin ɗari a kan na 2021. Hasashen cika wa'adin 2029 ya faɗo daga kashi 97 zuwa ƙasa da 15. A watan Mayun 2023 ASMFC ta ɗauki matakin gaggawa, ta rage iyakar sama zuwa inci 31, don tsarar ta yi saurin wuce tazarar ta tsira. A Janairun 2024 aka tabbatar da hakan: kifi ɗaya a rana, inci 28 zuwa 31 a teku, 19 zuwa 24 a Chesapeake. Masu jiragen haya, waɗanda abincinsu ya dogara da fasinjan da ke son komawa gida da kifi, sun yi kuka sosai, musamman a Maryland.

Tazarar inci uku tana nufin za a ƙara sakin kifi, don haka tambayar tara cikin ɗari ta ƙara nauyi a kan yadda take a 2017.

Akwai kuma abin da fensirin ɗan fatsa ba zai gyara ba. Haihuwar bas tana son hunturu mai sanyi da bazara mai ruwa, kogi ya cika, abincin 'ya'yan kifi ya samu a kan lokaci. Matsakaicin makin tarun Maryland na tsawon tarihi wajen 11 ne. Daga 2019 zuwa 2022 bai kai 4 ba ko sau ɗaya. A 2023 ya tashi 1.0, a 2024 kuma 2.0. Kifi na ɗaukar shekara shida zuwa bakwai kafin ya kai inci 28, don haka waɗannan tsararraki marasa auki su ne za su riƙa isowa hannun 'yan fatsar teku daga wajen 2026 har bayan wa'adin 2029.